Malamin Gado na Tara

Ni Nomau, manomin albasa daga Galmi,
ban taɓa zama kan bencin lakkol ba,
ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba.
Ga ni yau a Yamai, hayin kogi,
gado na tara, gindin taga,
ina karantar da likitocin gobe.

Da hantsi suke shigowa,
Farfesa a gaba, fararen riguna a baya,
balbelu bayan bijimi.
Ya ce, "Baba, da izininka,"
ya ɗage mini riga,
ya ɗora ƙarfen nan mai sanyi ƙasan nonon hagu.
Ɗaya bayan ɗaya su sunkuya.
Wai a ƙirjina akwai wata ƙofa
da ta daina rufuwa tun ina yaro,
jini ya wuce, ya waiwayo, ya ja tsaki.
Tsakin nan suka zo koya.

Na ce, "Farfesa, malami ba ya aikin banza,
ina albashina?"
Ya yi dariya har tabarau ya zame.
Washegari ya zo da goro biyu,
majo ta ƙwace,
wai goro da zuciyata ba sa ga maciji.

Ran Laraba aka kawo takarda,
aka karanta mini da Hausa, har sau biyu.
Suna bin sawun ciwon maƙogwaron yara,
yadda yake gangarawa ya ci zuciya a ɓoye.
In na ƙi, ko ƙwaya ɗaya ba za a rage mini ba.
Na tuna shekarar da wuyana ya kumbura,
wanzami ya cire beli, aka ce an gama.
Ashe gara ta riga ta shiga azara.
Na dangwala babban yatsa.
Suka ɗebi jini a ƴan kwalabe uku,
suka ajiye sunana, suka manna lamba.
Na ce, "Wannan zai warkar da ni?"
Ba su yi mini ƙarya ba.
To, ba komai.
Ni ma albasar da ta fi kyau ba ta zuwa kasuwa,
ita ake mayarwa ƙasa don iri.

Akwai wata cikinsu, Bibata,
Hausarta duk gishirin Zabarmanci.
Kullum in ta saurara sai ta gyaɗa kai,
amma na shekara talatin ina ciniki a bakin titi,
na san gyaɗa kan wanda bai ji ba.

Daren da take kwanan aiki wuta ta ɗauke,
fanka ta tsaya, inji bai tashi ba tukuna.
Na kira ta.
Na kwanta kan haƙarƙarin hagu
yadda Farfesa ke juya ni,
na kama hannunta, na gusa ƙarfen yatsa biyu.
"Nan. Bari in saki numfashi in riƙe."
Shiru.
Sauro ɗaya. Tarin mai gado na shida.
Sai ta ɗago, "Baba! Na ji!
Kamar ruwa ne yake gudu."
Na ce, "Fangali ne bakinsa ya ɓalle.
Riƙe shi da kyau, ƴata.
Wata rana, a wani gari mai nisa da kwalta,
za ki ji shi a ƙirjin ɗan shekara bakwai
tun yana raɗa."

Asabar aka sallame ni,
kumburin ƙafa ya saɓe, takalmi ya shiga,
ƙwayoyi a leda, allura duk wata.
A kan gada na kira gida:
in wuyan Salifu ya sake ciwo
kada kowa ya nemi aska,
a goya shi a babur sai likita.
Kogi na wucewa ƙarƙashinmu, bai waiwayo ba.

Albashina dai har yau ban gani ba.