Sabuwar Ƙwaƙwalwa

Davou ya kwantar da ita a kan benci
kamar akuyar da za a ɗura wa magani.
Kusoshi huɗu, uku suka fita salin-alin,
ta huɗun sai da bakin wuƙa.
Ƙurar shekara sha uku ta tashi,
muka yi atishawa tare
a shagonsa na bayan Taminus,
inda janareton maƙwabci ba ya haɗiye miyau.

Ya leƙa cikinta da tocila ya ce,
"Jikinta da sauran ƙarfi, Anti Ladidi.
Ƙwaƙwalwar ce ta yi wa zamani kaɗan."

Ni mai buga takardu ce a Farin Gada.
Ɗalibai su kawo rubutu kamar tonon kaji,
in mai da shi na shiga gaban malamai.
Kwamfutar ta Baba ce.
Ya saye ta shekarar da ya jingine tafireta,
har ya rasu bai daina dukan madannanta ba
kamar mai bin ta bashi.

Aka ɗage fanka, aka kankare busasshen mai,
sai ga ta: ƴar mitsitsiya, ba ta kai tafin jariri ba.
Ashe wannan ce ta riƙe gidanmu,
kuɗin makaranta, buhun masara, maganin hawan jini.

Sabuwar ma ba sabuwa ba ce,
ta gwanjo ce, ta kwana a motar Legas
naɗe cikin auduga.
Ƙafafunta na zinariya sun fi ɗari huɗu,
ɗaya ta lanƙwashe.
Davou ya yi tsaki, ya laluba aljihu.
Na zare fil daga mayafina na miƙa masa.
Ya riƙe numfashi, ni ma na riƙe,
har ƙafar ta miƙe ta shiga sahu.

"Ba a danna ta," ya ce.
"In mazauninta ne, da kanta za ta zauna."
Ta zauna.
Ya ɗiga mata mai toka-toka, kamar ƙwayar shinkafa,
ya mai da fanka, ya kunna.

Baƙin allo. Kuka uku, gajeru.
Na fara lissafin dubu sha takwas ɗina.
Ya zare wani ɗan falle, ya goge bakinsa da gefen riga,
ya hure, ya mayar.
Sai haske.

Yana ɗaure kusoshi yana ba ni labari:
kakansa ya wanke kuza a Bukur har bayansa ya doro,
nawa kuma ya ɗauki kwanon ƙasa a Dilimi.
"Wa ya sani," in ji shi, "ko dalmar da ta liƙe wayoyin nan
daga raminmu ta fita, ta zaga duniya,
ta dawo muna saye da tsada."

Washegari sanyi ya hana yatsu lanƙwasa.
Na danna maɓalli, na juya zan ɗora shayi
kamar kullum.
Ban kai ga ashana ba ta buɗe ido,
tana jira na.

Da can Baba yakan kunna ta, ya fita alwala,
ya yi walaha, ya sayo masa a bakin tasha,
ya dawo tana miƙa.
A wannan ratar yake tambaya ta,
"Yau me ke damun ki?"
A nan na gaya masa na faɗi jarrabawa.
A nan ya gaya mini abin da likita ya ce.

Yanzu shafi tamanin kafin azahar,
ɗalibai na yaba mini.
Ratar ce babu.

Tsohuwar tana cikin kwalin ashana
a aljihun tebur, kusa da tabaransa.
Wata safiyar nakan kunna sabuwar,
in bar ta tana jira,
in sha shayina a hankali
har ya huce.