Hanyar da Albano Ya Sani

Gidanmu a Porto ya girmi kakata.
Hawa biyar, babu lif,
matakalar katako tana kuka kamar gwiwar tsoho da asuba.
Tayil shuɗi a bangon waje,
wasu sun zube, sun bar giɓi kamar bakin ɗan tamanin.

Intanet ɗinmu kuwa, hawainiya ta fi shi sauri.
'Yata tana magana daga Luxembourg,
bakinta ya daskare a buɗe a kan allo,
kalmar ba ta isowa sai kofi ya huce.

Muka yi taro a ƙasa, gefen akwatunan wasiƙa.
Dona Gracinda ta doka sandarta:
"Ba mai huda mini bango.
Mijina ne ya shafa fentin nan da hannunsa."
Ɗaliban hawa na huɗu suka ce a huda ko'ina.
Mai gida ya aiko da saƙo daga nesa:
ya yarda, muddin ba aljihunsa za a taɓa ba.
Aka watse, kowa da tsakinsa.

Ran Talata yaron kamfani ya zo, Telmo,
da naɗin zare a kafaɗa,
gilashi ne wai, siririn da bai kai silin gashi ba,
haske ke gudu a cikinsa.
Na ɗaga shi saitin taga, ban ga komai ba.
Ya zura shi a tsohon bututun waya,
kamu uku, ya cije.
Ya janyo, ya sake, ya cije.
Ya zauna a matakala yana sharce gumi,
ya ce sai dai injin huda.
Gracinda ta tsaya a ƙofarta kamar an dasa ta.

Sai muka ji jan silifa daga sama.
Senhor Albano,
wanda bai sauko ba tun ranar da aka binne matarsa,
wanda muke rataya wa burodi a ƙofa mu wuce.
Ya ƙwanƙwasa bangon da gaɓar yatsa,
kunne a manne, kamar mai zaɓen kankana.
"Ba nan ba, yaro.
Bututun ya karya hagu bayan mitar ruwa,
akwai gungume a gabansa.
Ni na ja tagullar nan ina ɗan ashirin da biyu,
gashina baƙi wuluk."

Ya ce a kawo sabulu.
Gracinda ce ta kawo, na wanka, mai ƙamshin lemo.
Ya ɗaure sabon zaren a wutsiyar tsohuwar waya,
ƙulli ɗaya, hannunsa ko rawa bai yi ba.
Telmo ya hau sama, muka ja daga ƙasa,
ni da ɗalibai, a hankali, a hankali,
tagulla tana fitowa kore shar da tsatsa,
tana janyo magajinta ciki
ta kowane lungu da ta kwana shekara hamsin.

Da yamma fitilar akwatin ta kama, koriya.
'Yata ta yi dariya, dariyar ta iso tare da bakin.
Na ga ta rame. Da can ban iya gani ba.

Telmo ya tambayi tsohon ko a shigar masa ɗaki.
Ya ce, "Wa zan kira?"
Ya naɗe tagullar a gwiwar hannu yadda aka koya masa,
ya hau da ita, hawa biyar, yana hutawa a kowane.

Da safe na tarar da shi a ƙasa, ya sa hula,
zai je sayen burodi da kansa.
Ya tsaya yana tambayar ɗaliban
yadda haske ke yin kwana ba ya karyewa.
Bangon Gracinda lafiya lau.
Har yau tana cewa an cinye mata sabulu.