Leda a Aljihu

Gaskiya dai, don takarda muka fara.
An manna sanarwa a ƙofar ɗakin karatu:
ƙungiyar da ta kula da muhalli zango biyu
za ta karɓi shaida mai koren hatimi,
da zauren taro kyauta har shekara.
Yunana ya ce, "Ni zauren nake hange."
Ni kuwa kaina na hango a hoto, riƙe da firam.

Mu ne ƙungiyar ɗaliban Kimiyya,
masu taron da ba ya watsewa
sai ledar ruwa ta rufe ƙasa kamar an yi ƙanƙara.
Muka sayo durom uku a Panteka,
shuɗi na roba, ja na gwangwani,
na ukun fenti ya ƙare, muka bar shi da tsatsarsa.
Darbejiya goma sha biyu muka dasa,
muka ɗauki hoto kafin mu ba su ruwa.

Ranar duba, Dakta Kande ko durom ba ta kalla ba.
Ta zaga baya, ta tsaya a bakin kwata,
ta sa kara ta ɗago abin da muka binne:
robobin shinkafar walimarmu, har da cokula.
Ta ce, "Ruwan Agusta bai iya karanta rahoto ba.
Wannan zai bi lambatu, ya gaida Unguwar Rimi,
ya toshe wa kogi maƙogwaro,
ya wayi gari a tsakar ɗakin wata."
Ta rubuta kalma biyu: A sake.

Yunana ya yi kwana uku ba ya amsa waya.
Ni na zauna a kan durom mai tsatsa
ina lissafin kuɗin fenti,
sai ga Iya Lantana da kwandonta.
"Shekara goma sha tara ina bin bayanku,
ba wanda ya ba ni firam.
Kuna cewa tsintsiya sai a ɗaure take shara,
to ɗaure take, ɗan nan,
amma hannun da ke riƙe ta kullum nawa ne."
Ta ce in ɗaga ƙafa, akwai leda a ƙasa.

Daga nan abin ya daina daɗin hoto.
Kowa ya zo taro da kwanonsa da gorarsa,
aka yi ta mana dariya, wai 'yan gudun hijira.
Saude ta hana buga takarda fuska ɗaya,
har ta yi faɗa da mai fotokwafi.
Yunana ya dawo, ya zama dodon makunni,
yana bin azuzuwa da dare
yana kashe fankar da ke yi wa kujeru fifita.
Awaki suka cinye darbejiya biyar.
Bakwai suka tsira, mun yi musu shinge da ƙaya,
ɗaya ta kai ni kafaɗa kafin jarrabawa.

Takarda ta zo a ƙarshen zango na huɗu,
an ma yi kuskure a sunan ƙungiya.
Muka sa Iya a tsakiya,
ta ce a dakata sai ta gyara ɗankwali.
Ga ta can a bango, ƙusa ɗaya ta riƙe ta,
hatimin ya fara koɗewa,
kuma baɗi za a sake zuwa bakin kwata,
lokacin mu mun tafi.

Jiya a Keke, daga Kasuwar Barci zuwa gida,
na shanye ruwa, na miƙa hannu waje.
Hannun ya ƙi buɗewa.
Ba Dakta Kande, ba mai ɗaukar hoto,
sai kwalta, da ni, da 'yar leda.
Na cusa ta a aljihu.

Yau da safe Inna tana wanki a Tudun Wada
ta zazzage wandona, bakwai suka faɗo.
Ta ce, "Wannan ne karatun?"
Na ce, "Wani ɓangarensa ne, Inna."