Lissafin Mai Faci

Kafin ladanin Agege ya gama gyara murya
nakan ji shi, fiuu, ya wuce.
Nazifi ne.
Jar fitila na ƙyafta ido a ƙarƙashin sirdi,
hular kwano mai ramuka,
wando ya ɗame cinya tamau,
abin da ya sa dattawan layinmu
suka yi sati biyu suna amsa gaisuwar ubansa da hanci.

Na san shi tun yana kai burodi.
Kwali shida a baya, ɗaure da roba,
baƙin keke mai kukan tsohuwar ƙofa.
Sau goma sha ɗaya na liƙe masa tif guda,
faci kan faci, kamar bashin mai iyali.
Sai ya tsuguna bakin daro yana kallon kumfa,
ya ce, "Baba Tanimu, ina iskar take zuwa?"
In ce, "Inda kuɗi ke zuwa. Miƙo gam."

Keken da yake hawa yanzu
da yatsa biyu nake ɗaga shi.
Sau ɗaya na tambayi kuɗinsa.
Rumfata, da injin iska, da gonar da na baro a Gumel
ba su kai tayarsa ta gaba ba.
Ban sake tambaya ba.

Ran Lahadi suka yi tsere zuwa Epe,
mutum tamanin, kafaɗa na gogar kafaɗa.
Ya zo na tara.
Na ce, "Na tara har da murna?"
Ya yi dariya. "Ba ni aka aika in ci ba, Baba.
Ni ke gaba, ni ke shan iska,
kyaftin na bayana yana hutawa a inuwata.
Ni ke komawa mota in ɗebo gorunan ruwa.
Saura kilomita biyu sai in kauce."
To. Ashe har a kan keke akwai yaron gida.

Amma wani mai farin gashi da agogo a wuya
ya rubuta sunansa a takarda.
Kwantiragin shekara ɗaya.
Sun ce in ƙafa ta yi kyau, baɗi sai ƙasar waje,
inda hanya ke hawa dutse har kunne ya toshe.
Legas ba ta da dutse.
Gada gare mu.
Don haka yake hawa gada, ya sauko, ya sake hawa,
ruwan lagun na kallonsa ta ƙasa,
masunta ma sun san rigarsa.

Ni mai faci ne, aikina neman inda ke yoyo.
Danfo ba ta san zakara ba.
Ramin da ruwan sama ya rufe bai karanta jarida.
Na ga tabon kafaɗarsa, kyautar titin Ikorodu,
na ga yadda yake shafa gwiwar hagu
in yana zaton ba mai kallo.
Shekara ashirin da ɗaya.
Kasuwar ƙafa da wuri take watsewa,
kuma takardar ba ta ce komai ba game da shekara ta biyu.

Uwarsa na so ya koma burodi.
Ubansa ya fara cewa "ɗana" da ƙarfi a wurin mai shayi.
Yara uku a layinmu sun cire kariya daga kekunansu,
suna sunkuyar da kai kamar masu neman allura.
Ni dai ciniki ya ƙaru.

Jiya ya tsaya, gumi na ɗiga daga haɓa.
Tayarsa ba ta da tif ma,
wani farin ruwa ke ciki mai liƙe kansa.
Babu abin da zan gyara.
Duk da haka ya jingina keken a rumfata,
ya ce, "Duba min iska."

Na danna da babban yatsa.
Tauri kamar dutsen niƙa.
Na ce, "Ta yi. Je ka."
Tsohon tif ɗin nan mai faci goma sha ɗaya
yana rataye a ƙusa bayan kaina.
Bai gan shi ba, ko ya gani bai ce ba.
Ya saka ƙafa, takalmi ya ce ƙas,
ya kutsa tsakanin danfo biyu.