Farin Yadi a Maiwurno

Ƙarfe goma na safe,
rana ta gama gaisuwa, ta soma faɗa.
Kwanon rufin shagon babana na ƙara shi kaɗai,
keken ɗinki na ta gudu, bai bar inda yake ba.

Attayib mai kwalekwale ya shigo da farin yadi.
"Usta, sakar mini hannu,
bar wa iska ƙofar shiga.
Rigar da ta kama jiki a garin nan
kurkuku ce, kuma da kuɗinka ka saya."
Baba ya auna shi da ido,
ya yanka aljihu gaba, ya yanka wani baya,
don in ladan ya kira cikin duhu,
duk ta inda ka zura kai, nan ne gaba.

Kakata Tabawa na bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa.
Daga Haɗeja ta taso tana amarya,
shekara uku a ƙafa, da niyyar Makka.
Nilu ya ba su ruwa, auduga ta ba su aiki,
niyya ta shimfiɗa tabarma, ta zauna jira.

A adakarta akwai turkuɗi
mai sheƙi kamar wuyan tattabara.
Sau ɗaya ta ɗaura shi a nan, ranar wani suna.
Kafin azahar shuni ya biyo gumi
ya sauko mata har gwiwar hannu.
Maƙwabciyarta Sittana ta yi dariya har da hawaye,
sannan ta warware tobi mai shara-shara,
ta naɗe ta daga ka zuwa idon sawu,
ta ce, "Tafi, yanzu inuwarki na tare da ke."

Na taɓa tambayarta,
"Kaka, don Allah muke lulluɓi, ko don rana?"
Ba ta ɗago ba, ta hure ɓawon gyaɗa.
"Wanda Ya ce a suturta,
ai Shi Ya hura ranar."

Bara ɗan baffana ya zo daga Hartum
cikin wando mai matse cinya.
Ba wanda ya yi masa wa'azi.
Da la'asar muka gan shi gindin dalbejiya
sanye da jallabiyar aro, yana shan karkade,
kunya ta hana shi kallon kowa.

Ƙarƙashin turkuɗin nan, can ƙasan adaka,
akwai ƙyalle biyu farare,
haramin kakana, wanda bai kai ga ɗaurawa ba.
Duk ranar Arfa Baba kan fito da su,
ya kakkaɓe, ya shanya kan igiya.
Mutumin da ya ɗinke rabin garin nan
sai ya tsaya, hannuwansa a baya,
gaban yadin da allura ba ta da iko a kansa.

Zafi kan busar da su kafin ya gama addu'a.
Kaka kan ce a bar su tukuna,
su ƙara shan iskar gabas.