Sake Tambayata

Mutari, ka shigo da tsire a takarda,
ka ce, "Ya jiki?"
Na ce, "Da sauƙi."
Ƙarya nake.

Yau kwana talatin da ɗaya.
Da asuba Inna ta tafasa ruwan jego,
jarka biyun da ka saya wurin mai kura
tunda famfon Garin Malam ya yi shiru tun Talata.
Ta fyaɗa mini ganye a baya.
Fata ta ji zafi. Ni ban ji ba.

Yaron nan in ya yi kuka
sai in tsaya ina kallonsa
kamar ɗan maƙwabta aka ba ni riƙo.
Mata suka ce kunyar ɗan fari ce,
suka yi dariya, na taya su.

Wani dutse irin na Birni
ya zauna mini a ƙirji.

Kar ka ce in gode wa Allah, na gode.
Kar ka ce iska ce.
Aje makullin babur ɗin,
zauna nan bakin katifa.
Sake tambayata.
In na ce da sauƙi,
kar ka tashi.