Wutar Mizmar a Jidda

An ɗaga tashin jirginmu sai jibi.
Na fito shan iska da silifas ɗin Umara,
gumin bakin teku ya manne mini riga a baya.
Ganga na jiyo, na bi ta lungu-lungu
kamar akuyar da ta ji motsin dusa.

A wani fili, bayan gidaje masu tagogin katako,
sun hura wuta.
Ba tukunya a kanta, ba nama,
kuma wa ke neman ɗumi a Jidda?
Wuta ce kawai don a kewaye ta.

Wani yaro na gasa fatar ganga,
ya ɗan buga, ya kasa kunne, ya mayar.
Maza biyu suka shiga da sanduna,
suna juyi, fararen riguna na cika da iska,
inuwarsu a bango ta fi su tsawo,
ta fi su faɗa.

Ni baƙo, ido ne nawa.
Na tsaya inda hayaƙi ya fi yawa
don nan ne babu kowa.

Sai wani tsoho ya dafa ni:
"Min fen?"
Na ce Gumel.
Ya rufe ido kamar mai laluben allura a rairayi,
ya ce, "San-nu. Ina ga-jiya."
Sunansa Siraju. Kakansa da ƙafa ya zo,
shekara bakwai a hanya.
Abin da ya rage na guzurin
kalma uku ne, ta ukun tuwo.

Ya miƙo mini sandarsa, gumin hannunsa a jiki.
Na ce ni tela ne, ƙafata keke ta sani.
Bai ji ba, ko ya ƙi ji.

Na shiga.
Sau biyu sandar ta faɗi, aka yi dariya,
tafi bai tsaya ba.
A zagaye na huɗu na daina ƙirgawa.
Tartsatsi ya tashi, ya sauka a kafaɗata,
ya bar huda kamar ƙwayar gero.

Da na dawo gida an raba dabino,
an raba zamzam a murfin kwalba.
Talatu ta ɗaga rigar a hasken taga:
"Kai da allura ke kwana a aljihunka?"
Na ce a ninke ta haka nan.